Ziyarar Brooklands, gidan Napier-Railton

Daga tashar Waterloo a Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Weybridge, tafiyar kamar rabin awa, sannan na ƙarasa Brooklands da ƙafa. Nan ne Hugh Locke King ya gina filin tseren motoci a 1907, kewayensa mil 2.75, duk da kankare. An daina tsere a 1939, masana'antar jiragen sama ta cinye yawancin filin, amma wani yanki na kwanar da aka ɗaga tana nan. Na gwada hawanta, tun ban kai rabi ba sai da na dafa da hannu saboda tsananin gangara. Kankaren ya tsattsage, ciyawa ta fito.

Motar da ta kawo ni tana cikin tsohon gareji: Napier-Railton, wadda injiniya Reid Railton ya tsara wa direban tsere John Cobb, kamfanin Thomson & Taylor ya haɗa ta a nan Brooklands a 1933. Jikinta alminiyam ne tsirara, ba fenti, sai gogewa. Injinta Napier Lion ne, na jirgin sama, lita 24, silinda 12 a jere uku, huɗu-huɗu. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, wutar kuma daga maganeto take zuwa, wato ƙaramin janareta da injin ke juyawa. A 1935 Cobb ya zaga filin da gudun mil 143.44 a awa, kusan kilomita 231, ba kuma wanda ya wuce shi har aka rufe filin.

Na sunkuya na duba tayoyin gaba, babu birki ko ɗaya. Na baya kaɗai ne, a mota mai nauyin tan biyu! Su ma an sauya su zuwa birkin faifai bayan 1950, lokacin da aka yi amfani da ita wajen gwajin lemar tsayar da jirgi. Gidan tarihin Brooklands, wanda ke a tsohon filin, ya saye ta a 1997, kuma har yau ana tayar da ita.

A ganina wannan tayarwar ita ce adanawa ta gaskiya, domin zama wuri ɗaya ne ke kashe irin waɗannan motoci. Baƙin mai yana tsiyayewa ya bar ƙarfe a bushe, tsatsa ta kama bangon silinda. Ruwan da ya daɗe a lagireto yana cin alminiyam daga ciki. Danshi na lalata naɗin wayar maganeto, sai wuta ta raunana da zarar inji ya yi zafi. Fetur ɗin zamani mai etanol yana jan ruwa, ya cinye tsohuwar roba, ya toshe kafireta, shi ya sa ake juye tanki kafin dogon ajiya. Taya kuwa ko ba ta taka ƙasa ba shekaru na busar da ita.

Kafin a tayar da tsohon inji irin wannan, bakanike yakan cire fulogai ya duba, ya juya injin a hankali don mai ya zaga, kuma ya tabbata fetur ko ruwa bai taru a silinda ba, don in ya taru zai lanƙwasa konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin. Napier-Railton ba ta da kik, turawa ake yi: mutane su jingina kafaɗa, direba ya saka giya, ya saki kuloci, ya ba da wuta.

Wanda zai je ya duba ranar da za a fito da ita tukuna, don wani lokaci tana Goodwood wajen baje koli.