Mako na uku da Dracula: na soke shafi shida

'Yan'uwa masu koyon rubutun ban tsoro, sannunku da ƙoƙari. Mako uku ke nan ina fama da gajeren labarin da na yi muku alkawari, jiya da daddare kuma na soke shafi shida cikin goma sha ɗaya. Littafin ban tsoron nan Dracula ne ya jawo.

Na sake karanta shi da fensir a hannu, don in ga yadda aka ɗinka shi. Bram Stoker, mutumin Dublin, ya fitar da littafin a Landan a 1897, lokacin yana manajan gidan wasan kwaikwayo na Lyceum a ƙarƙashin Henry Irving. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Transylvania ba, yankin da gidan Dracula yake (yau a cikin Romaniya), daga littattafai ya tsinto duwatsunta da ƙauyukanta. A 1890 ya je hutu Whitby, wani garin bakin teku a Ingila, a laburaren garin ya ci karo da littafin William Wilkinson na 1820 a kan Wallachia da Moldavia. A ciki ya ga sunan Dracula. Kafin nan Count Wampyr ya raɗa wa dodon nasa, Wampyr kuwa mai shan jini ke nan. Ku ji fa! Kamar ka rubuta labarin sata ka sa wa wanda ake nema suna Ɓarawo.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen jirgin ruwa. A 1885 wani jirgin Rasha mai suna Dmitry ya kafe a gaɓar Whitby, Stoker ya mai da shi Demeter, jirgin da ya kawo Dracula Ingila a littafin. Labarin tafiyar daga littafin da kyaftin yake cikewa muke jin sa, don dama littafin gaba ɗaya tarin wasiƙu ne da guntayen jarida da abin da kowa ya rubuta wa kansa. Kyaftin ya ce an yi lodin akwatuna cike da ƙasa a tashar jiragen ruwa ta Varna. Bayan 'yan kwanaki ma'aikata suka yi jugum, an tambaye su sun ƙi magana. Aka wayi gari ba mutum ɗaya. Wani ya ce ya ga dogon mutum siriri a saman jirgi, aka bi lungu-lungu da fitila, ba kowa. Sai wani ma ya ɓace. Kyaftin bai san abin da ya ɗauko ba, amma ni na sani, tun a gidan Dracula na ga akwatunan tare da Jonathan Harker, lauyan da ya je masa aiki. Ina karantawa ina jin kamar in ƙwala masa kira.

Sai na duba nawa. Tun a shafi na biyu na baje dodon a faifai: haƙoransa, tarihinsa, har da abin da yake tsoro. Me kuma ya rage wa mai karatu? Yanzu na mai da labarin rajistar wani maigadin sito, layi uku ko huɗu kowane dare. Matsalar ita ce maigadin nawa ya fi ni iya Hausa, dole in rage masa ƙaƙale. Kuma wa zai zauna yana rubutu ana taɓa masa ƙofa? Shi kansa Stoker bai tsira daga wannan ba, akwai inda Lucy, budurwar da Dracula yake shan jininta, take ta zuba rubutu alhali numfashi ma da ƙyar take yi.

Na kuma daina kiran abin maye. Maye rayayye ne, kurwa yake kamawa, sau da yawa ma maƙwabci ake zargi. Dracula kuwa gawa ce da ta ƙi kwanciya. Na gwada “mai shan jini”, ya yi mini tsawo a bakin maigadi, sai na bar shi ba suna. “Ya sake zuwa” kawai yake rubutawa.

Mako mai zuwa Carmilla zan ɗauka, wani labarin mai shan jini, na Sheridan Le Fanu, wanda ya fito a 1872. Wanda ya riga ni karantawa don Allah kada ya faɗa mini ƙarshen.