Godiya bayan taron karatun yara na ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Alhamdu lillahi, taron karatun da muka shirya wa yaran unguwarmu a Birni don tunawa da marubucin Nijar, marigayi Bubu Hama, ya tashi lafiya, kuma ya zama dole in yi godiya.

Godiya ta farko ga Mai unguwa, Allah ya ja zamaninsa, da ya ba mu ƙofar gidansa, ya kuma zauna har aka watse. Matan da suka kawo tabarmi da ruwan sanyi da kunun zaƙi, da samarin da suka kafa rumfa cikin wannan rana, Allah ya biya ku.

Baba Mushe, tsohon malamin lakwal ɗinmu, kai kam ban san da bakin da zan gode maka ba. Yara da yawa sun san sunan Bubu Hama ne don gidan tarihi na Yamai da aka sa wa sunansa, shi ke nan. Kai ka ba su labarin yaron da aka haifa a Foneko, wajen Tera, a 1906, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya dawo gida ya koyar, ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 har juyin mulkin 1974, ya rasu a 1982. Duk da wannan nauyi bai ajiye alƙalami ba. Littattafansa gomomi ne: tarihi, al'adu, tatsuniyoyin da aka tattaro daga bakin tsofaffi. A 1971 aka ba shi babbar kyautar adabin Afirka saboda littafinsa Kotia-Nima. Abin da ya fi burge ni, mutum mai wannan muƙami bai raina rubuta wa yara ba. Shi da wata marubuciya Bafaransa, Andrée Clair, suka fitar da littattafai irin su Le Baobab merveilleux da La Savane enchantée.

Kwafin Baba Mushe muka karanta, takardunsa sun yi ja, bangonsa an ɗinke da zare. Na gode da amanar, don na san ba kowa yake bari ya taɓa shi ba.

Sai Inna Hajiya. Da aka gama karatu da Faransanci ƙananan sun fara hamma, ita kuwa ta gyara zama ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Nan take wuri ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta!" Ta kawo Gizo da Ƙoƙi, ta kawo kura da kwaɗayinta, har iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu suka nemi gefen tabarma. Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Roƙo ɗaya gare ni. Waɗannan littattafai sun yi wuyar samu a garin nan. Duk mai kwafi a akwati ko a kabad, ya ara mana, za mu karanta mu mayar masa lafiya lau. Allah ya jiƙan Bubu Hama, ya saka wa kowa da alheri.