Abin da na koya a shagon gwal kafin in ajiye makulli

Tun da na bar shago waya ba ta huta ba, wasu jaje suke min, wasu so suke su ji me ya haɗa ni da Alhaji mai shagon, wasu kuma har yanzu hoton sarƙa suke turo min a WhatsApp wai in duba musu ko ta yi. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan shago ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya san layinmu a Kano ya san inda na dosa.

Rigimar gaba ɗaya a kan dutse take. Maganar jabu kam babu ita, Alhaji bai taɓa sa jabu a shoglas ɗinsa ba, wannan zan shaide shi a gaban kowa. In ka ga hatimin 750 a jikin kayansa to karat 18 ne (karat shi ne ma'aunin yawan tsantsar gwal ɗin da ke cikin kaya), in 875 ne 21 ne, in 916 ne 22 ne, kai shi duk inda kake so a goga a dutsen gwaji a ɗiga asid haka zai fito. Inda gizo ke saƙar shi ne saitin nan masu duwatsu da ke walƙiya a ƙarƙashin fitila, waɗanda 'yanmata ke rububi. Ranar sayarwa ana ɗora su a sikeli ne gaba ɗaya, gwal da dutse, a buga da farashin giram a ɗora kuɗin aiki a kai, amma ranar da mai kayan ta dawo da buƙata, asibiti ne ko kuɗin makaranta, sai a ɗauko tsinke a ɓamɓare duwatsun tas a gaban idonta ko a yi kiyasin nauyinsu a cire, kuɗin aiki kuma dama ya tafi ba ya dawowa. Dutsen nan zirkoniya ne, wani ma gilas ne, a masana'anta ake yin su, ba wanda zai saye su a hannunki. Kin biya su a farashin gwal, kin tashi da su a ƙullin leda. Da yake shaguna da yawa haka suke yi, sai abin ya zama kamar ba komai ba.

Wata Hajiya ce ta zo da 'yarta ana saura 'yan makonni biki. Tsohuwar malamar firamare ce, garatutinta ne ya fito, kuma ba ta ɓoye min ba, ta ce ɗana ni ba ado na zo saya ba, ajiya nake so in yi wa yarinyar nan ko bayan raina. Yarinyar idonta na kan wani saiti ɗan Italiya karat 18 mai duwatsu reras, uwar kuma tana jujjuya wani ɗan Saudiyya karat 21 wanda ba dutse ko ɗaya, duka biyun wajen giram 40 ne. Sai ta ɗago ta kalle ni ta ce tsakaninka da Allah wanne ne in ta matsu za ta fi samun kuɗinta? Da sunan Allah fa ta haɗa ni. Na jawo kalkuleta na juya mata fuskarsa ta gani da idonta. Mai duwatsun in an cire wajen giram 6 na dutse saura 34, kuma karat 18 kashi 75 cikin 100 ne gwal, wato tsantsar gwal ɗin da ke ciki giram 25 da rabi. Na Saudiyyar kuma kashi 87 da rabi ne, giram 40 ɗinsa akwai 35 na tsantsa. Kuɗinsu kuma bai yi wani nisa da juna ba saboda kuɗin aikin mai duwatsun ya fi yawa. Ta yi shiru, ta ce Allah ya yi maka albarka, ta ɗauki maras dutsen. Yarinyar ta ɗan ɓata rai amma ba ta ce komai ba.

Alhaji na zaune a ciki yana jin komai. Bai yi magana ba sai da suka fita, sannan ya taso ya tsaya a bakin ƙofa inda maƙwabta za su ji ya ce kai wa ya ɗauke ka aiki, ni ko ita? Na ce Allah ya taimaki Alhaji tambayata ta yi kuma ciniki bai tashi ba, ta saya a wajenmu. Ya ce ribar wancan da ta wannan ɗaya ce? Ya ce in wa'azi nake so in yi ga masallaci can, shi shago ya buɗe. Ƙarshen wata ya zaftare min kamasho, ya karɓe makullin sef daga hannuna ya ba ɗan ƙanwarsa wanda ni na koya masa yadda ake riƙe sikeli, ni kuma na koma goge gilas da aike banki da sayo abinci. Duk wannan na shanye, na ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Abin da ya gagare ni haɗiyewa shi ne ranar da aka nemi ɗan kunne guda a faranti aka rasa, shago cike da mutane, Alhaji bai kalli kowa ba sai ni, ya ce in juye aljihuna. Na juye. Wallahi har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa, mutumin da na kai masa miliyoyi banki ni kaɗai a adaidaita sahu, ko naira ba ta taɓa yin ciwon kai ba. Da yamma aka ga ɗan kunnen ya maƙale a ƙasan ƙyallen farantin. Cewa ya yi to alhamdulillahi, ya ci gaba da latsa waya. Ko kallona bai yi ba balle ya ce yi haƙuri. Ban ƙara sati a wajen ba.

Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni me za ta saya, tambayar farko da nake mata ita ce ado kike so ko ajiya, don amsar daban ce. In ajiya ce ki nemi 21 ko 22 maras dutse, dizain mai sauƙi wanda kuɗin aikinsa bai da yawa, awarwaro ko sarƙa mai kauri. Matan da suka yi haka kafin a saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 su za su ba ki labari, ga faɗuwar naira ga kuma gwal ɗin kansa ya tashi a duniya, oza ɗaya wato giram 31.1 ta haura dala 3,000 a watan Maris na 2025 sannan ta haura 4,000 a Oktoba. Na ga wadda ta kawo awarwaron aurenta ta fita da kuɗin fili. Ban taɓa ganin wadda duwatsu suka yi wa haka ba.

In kuma ado ne na kullum, musamman zobe da za ki yi wanki da girki da shi, 18 ya fi juriya don an gauraya shi da jan ƙarfe da azurfa da yawa, shi tsantsar gwal laushi gare shi, 22 ma in siriri ne lanƙwashewa yake. Farin gwal kuma ki sani wani ƙarfe ne rodiyam ake shafa masa a sama, yana gogewa a hankali ya fara komawa rawaya-rawaya sai an sake shafawa, kuma wani akwai nikel a cikinsa, shi ne ke sa wasu kunnensu ya yi ta ƙaiƙayi yana ruwa.

Azurfa mutane sun raina ta kuma bai kamata ba. Ki duba hatimin 925 a jiki, lambar azurfa mai kyau ke nan. Baƙin da take yi ba alamar jabu ba ce, iska ce da gumi da turare, a goge ta dawo fes. Aikin maƙeran Agadas in kin samu na ainihi ya fi tarin fashon ɗin da ake zubawa a lefe. Maza kuma dama gwal ba namu ba ne a addini, zoben azurfa da dutsen aƙiƙ ya wadatar.

Su duwatsun na gaske akwai ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10. Daimon 10, yakutu da safaya 9 don asalinsu dutse ɗaya ne launi ya raba su, zumurrudu wajen 7 da rabi zuwa 8 amma cikinsa tsage-tsage ne, bugu ɗaya a bakin tukunya sai ya fashe. Ƙurar hunturun nan tamu akwai yashi a cikinta mai taurin 7, duk abin da bai kai nan ba a hankali za ta dusashe shi, shi ya sa dutsen gilas yake mutuwa bayan an ɗan sa shi. Murjani da lu'ulu'un teku sun fi kowa laushi, ba sa shiri da turare ko humra, ki fesa ki bari ya bushe kafin ki rataya. Daimon kuma ban ba kowa shawarar ajiya da shi a garin nan ba, ba mu da masu sayensa a hannu, ga na masana'anta ya cika duniya wanda ido ba ya rabe shi da na ƙasa. Safayarmu ta Mambila ma ɗanyenta ake fita da shi waje a yanka.

Maganaɗisu in ya kama kaya ba gwal ba ne, amma in bai kama ba kar ki ce shi kenan, tagulla ma ba ya kama ta. Hatimin lamba kowa na iya bugawa, a goga a dutse a gabanki. Mai ruwan gwal sunansa mai ruwan gwal komai sunan ƙasar da aka laƙaba masa. Wadda ta tara ajiya ta kai giram 85 ta je ta tambayi malami maganar zakka. Rasit kuma kar ki fita sai an rubuta karat, an rubuta nauyin gwal daban na dutse daban, in mai shago ya fara kame-kame ki tambaye shi a nawa zai karɓa in kin dawo da shi gobe, ki kalli fuskarsa.

Yanzu ina wajen wani maƙeri ina koyon narka da gyara, samun bai kai na da ba amma ba wanda ya ce in juye aljihu. Kamashona na watan ƙarshe har yau yana hannun Alhaji. Ban je na tambaya ba kuma ba zan aika kowa ba, amma ban ce na yafe ba.