Abin da nake yi da wayata kafin na hau mota

Tun ranar da aka zare wa ƙanwata waya a tasha, muna hanyar Gombe daga Bauchi, na canza yadda nake tafiya. Wallahi ba wayar ce ta fi ƙona mana rai ba, layin ne, don shi ke haɗe da asusunta na banki, kafin mu kai Alkaleri har an fara taɓa kuɗin, ga wayata ba caji balle mu kira a rufe.

Yanzu kam sim ɗina da PIN, ko an sa shi a wata waya ba zai tashi ba, in aka yi kuskure sau 3 sai an nemo PUK, wato lambar buɗe sim da kamfanin layi ke bayarwa. Mutane da yawa suna kulle fuskar waya su manta da sim, alhali nan ɓarawo ke nufa.

Na danna *#06# na kwafe lambar IMEI, wato lambobi 15 da ake gane kowace waya da su, a takarda na bari a gida. WhatsApp ma na sa masa mabuɗi na biyu, wato PIN ɗin da zai tambaya in za a yi rajistar layina a wata waya.

Caji kuwa da fawa bank nake yawo, ba na miƙa wa mai shagon caji wayata a buɗe, ko da minti 5 ne.