Talata a ɗakin gwaje-gwaje, Yamai

Tun ƙarfe bakwai na isa ɗakin gwaje-gwaje, domin a watan Afrilu duk aikin da ba ya son zafi gara a sallame shi kafin rana ta take. Na fara da bakteriyar da muka ware daga nonon da muke saye wajen wata Bafulatana a Harobanda, waɗanda suka kwana a na'urar ɗumi bisa digiri 37. Ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka sosai, alamar sun cinye sukarin sun mai da shi asid na laktik, abin da ke sa madara ta yi tsami ta kama jikinta.

Abin da muke farauta shi ne bitamin B2, wato ribofilabin. Jikin mutum ba ya iya haɗa shi, dole sai daga abinci, amma wasu nau'o'in bakteriyar nono mai suna Lactiplantibacillus plantarum suna ƙera nasu, alhali 'yan uwansu wanda ke cikin madarar suke cinyewa. Saboda haka muke shuka su a ruwan da babu B2 ko kaɗan, ta yadda duk abin da aka gani daga baya aikinsu ne. Da na rufe tagogi na haska kwalaben da fitilar UV, wadda haskenta ke sa B2 ƙyalli, wasu suka ɗauki wani kore mai ratsin ruwan ɗorawa, sauran kuwa shiru. Wata ɗaliba da ta ga ina naɗe su da takardar alminiyon ta ce, "Malam, ɓoye su kake yi?" Na ce mata haske ne ke lalata wannan bitamin, kuma nonon da ya yini a buɗe cikin rana a kasuwar Wadata yana asarar wani kaso nasa kafin a dama fura da shi. A ganina wannan ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damunmu.

Bayan azahar muka koma rarrabe furotin na bakteriyar bisa girmansu, ta hanyar da wani masani mai suna Laemmli ya wallafa a 1970. Ana fasa ƙwayoyin, a zuba sinadarin SDS mai kama da sabulu, a dafa minti 5 a digiri 95, sai kowane furotin ya warware ya ɗauki caji iri ɗaya. Sai a ɗura samfuran a 'yan ramuka a saman jel, wani daskararren abu mai aiki kamar rariya. Idan aka saki lantarki, ƙanana su tsere ta cikin jel ɗin, manya su yi ta jan jiki a baya. A nan zafin Yamai ke nuna halinsa. Jel yakan daskare tun ba a gama zuba shi ba, don haka na rage TEMED, sinadarin da ke hanzarta daskarewarsa, na rage ƙarfin wutar lantarki, na kewaye tankin da jel ɗin ke ciki da ƙanƙara, in ba haka ba layukan furotin su fito a lanƙwashe. Abin sha'awa, a 1964 wani masani mai suna Davis ya yi amfani da ribofilabin da haske wajen daskarar da sashen sama na irin wannan jel.

Gab da magariba shuɗin Coomassie, rinin da ke kama furotin, ya fara sakin jel ɗin, layuka suka soma bayyana. Akwai guda da ya fi kauri a samfuran da suka yi haske da safe, ɗalibar har ta fara murna. Na ce ta dakata tukuna, domin kaurin layi na iya zuwa daga yawan abin da aka ɗura a ramin kawai. Gobe, in Allah ya kai mu, za mu auna furotin na kowane samfur, mu daidaita su, mu sake zuba sabon jel.