Ƙwai na kwana 3 da lektin ɗin gyaɗa: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon mun bar hawa na 10 a ma'aunin girman tayin kaza na Hamburger da Hamilton na 1951, mun koma hawa na 18, wato ƙwan kaza da ya yi kamar awa 66 a injin ƙyanƙyasa kan zafin digiri 38. A nan ɗan tayi yana da tubalan jiki, waɗanda ake kira somait, sama da 30, kuma fiffike da ƙafa sun fara tsirowa.

A zuƙe mililita 3 na farin ƙwai da sirinji kafin a yanke ɓawo, don gwaiduwa ta sauka. A ɗauke tayin da zoben takardar tacewa, a wanke shi a ruwan gishirin da ake kira PBS har gwaiduwa ta fita tas, domin ragowarta kan yi haske ta rikita ido. Sai ya kwana a PFA (sinadarin da ke ƙandare nama don kada ya lalace) kashi 4 cikin ɗari a firji. Guba ce, a sa safar hannu, a yi aiki inda iska ke zuƙe tururi.

Bayan an yanka shi siriri, sai a zuba PNA mai kyalli, maikirogiram 10 zuwa 20 a kowace mililita, na awa ɗaya. PNA shi ne lektin ɗin gyaɗa, wato furotin mai kama sukari; yana kama sarƙar sukarin da galaktos (wani nau'in sukari) ke ƙarshenta. Abin da za a gani yana da daɗin kallo: rabin baya na kowane somait ya haskaka, rabin gaba shiru, zane bayan zane. Ta wancan rabin gaban jijiyoyi ke ratsawa, na bayan kuwa suna kauce masa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne toshewa, wato rufe yankan da furotin kafin a zuba PNA don kada ya manne ko'ina. Kada a toshe da madara ko ruwan jini. Sukarin da ke cikinsu zai riƙe lektin ɗin, hoto ya fito dishi-dishi. BSA, wato furotin albumin da aka tace daga jinin shanu, kashi 1 cikin ɗari ya wadatar. Kuma dole a ware gilashi ɗaya da aka haɗa PNA da galaktos mai ƙarfin mola 0.2. In shi ma ya haskaka, hasken ba na sukari ba ne, a sake daga farko.

A kiyaye: PNA yana nuna inda sukarin yake ne kawai. Lektin na tayin kansa, irin su galektin CG-1A da CG-8 da ke taruwa inda guringuntsin fiffike zai kafu, sai da antibodi (furotin da ke gane su ya manne musu) ake ganinsu. Shi ya sa ƙwan zagaye na gaba za su kai kwana 5, lokacin da guringuntsin ke fara kafuwa.