Inda na kai da littafin lissafin lokaci

'Yan uwa masu koyon rubuta lokacinsu a takarda, ga inda aka kwana a nawa littafin tun da na sake masa tsari.

Littafin dai irin na 'yan makaranta ne mai layi-layi, na ɗaure masa biro da zare a jikin bango, yana zaune kan teburin yanka kusa da almakashi da alli. Kowace rana shafi guda. Babban canjin shi ne na daina raba shafin awa-awa. Wancan tsarin yana so mutum ya riƙa ɗaga kai yana duban agogo, tela kuwa idan ya ɗora ƙafa kan keke idonsa na kan allura. Yanzu da salloli nake rabawa. Ina ja layi da rula in yi gida shida: asuba zuwa hantsi, hantsi zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba, magariba zuwa isha'i, sai isha'i zuwa kwanciya. Na tsaga safiya gida biyu ne saboda tsakanin asuba da azahar ya kai awa 7, ba kan da zai riƙe abin da ya faru a cikinsu dalla-dalla.

Amfanin wannan shi ne ladan ne ke tuna mini. Da an kira salla dole in sauka daga keke, to kafin in ɗauki buta sai in cike gidan da ya wuce. Minti 2 ya isa. Ga yadda gidan azahar zuwa la'asar ya fito a wata Talata: abinci 20, yankan shadda 45, awon wani yaro da hira da babansa 30, haɗa riga 40, waya 25. Lambobin duk mintoci ne, kuma ina kai su ga biyar mafi kusa, ba na tsananta wa kaina a kan minti ɗaya ko biyu. Gidajen ba daidai suke ba, kuma suna ɗan motsawa da sauyin lokacin salla tsakanin damina da hunturu, shi ya sa nake rubuta ƙarfe nawa aka kira a gefen kowane layi.

Doka ɗaya na riƙe da ƙarfi, kuma ina roƙonku ku riƙe ta: abin da ya faru ake rubutawa, ba abin da aka yi niyya ba. Jerin ayyukan gobe yana da nasa wurin a bayan littafi. Idan suka haɗu a shafi ɗaya, hannu yakan karkata wajen rubuta abin da zai yi daɗin karantawa. Haka kuma kada a bari sai dare. Abin da aka rubuta da dare ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi yana ƙara wa aiki tsawo, ya rage wa hira da waya.

Inda littafin ya fara biyana shi ne ranar Juma'a da yamma, lokacin tarawa. Mako awa 168 ne, ba a ƙara wa kowa ba a rage wa kowa. Ina sa harafi a gaban kowace shiga: A na aikin hannu, wato yanka da ɗinki da guga, H na hidimar shago, kamar awo da ciniki da zuwa kasuwa sayen zare da maɓalli, I na iyali da zumunci, K na karatu, J na jira. Wannan na ƙarshe sabo ne, kuma shi ya fi buɗe mini ido. Jiran a kawo wuta don a yi guga, jiran wanda ya ce yana hanya, jiran mai surfani ya dawo da wuyan riga. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, amma da aka tara su sai ga su sun kusa cinye yini guda na aiki. Da na ga haka sai na ware yankan kaya da sa maɓalli, ayyukan da ba ruwansu da lantarki, na ajiye su don irin waɗannan lokutan. Ba na lissafa gaisuwa da zuwa suna ko ta'aziyya cikin asara. Hakki ne, suna da harafinsu, kuma ina so in ga ya cika.

Wannan tarawar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani masanin ƙwari ɗan Rasha, Aleksandr Lyubishchev, ya fara rubuta lokacinsa a 1916, bai daina ba har rasuwarsa a 1972, shekara 56 ke nan. Shigarsa gajeru ne, aiki kaza awa kaza minti kaza, amma yakan tara su a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, ya auna abin da ya yi da abin da ya tsara. Kuma zallar lokacin aiki yake ƙirgawa, yana cire hutu da katsewa. Wannan na ɗauka daga gare shi: zaman shago daban, aikin hannu daban. Tun da na raba su na fi iya gaya wa mai kaya ranar da zai karɓi kayansa, in kuma cika.

Abin da ke gabana yanzu shi ne tarawar wata, na riga na ware mata shafuka biyu na tsakiyar littafi. Ina kuma son jin yadda kuke yi da abu biyu a lokaci ɗaya. Nakan yi ɗinki ina sauraron karatu a rediyo, ko ina nuna wa yaron shago yadda ake kafa aljihu. A yanzu ina ba aikin hannu mintocin duka, in sa ƙaramin harafi na biyu a gefe ba tare da lamba ba, don kada jimillar yini ta wuce awa 24. Wanda ke da hanyar da ta fi wannan, don Allah ya faɗa mini kafin ƙarshen wata.